Marubucin Gidan Rumji da Wayarsa: Riba Ce ko Asara?

A shekarar 2022 Amira Souley, ƴar Maradi, ta zo ta ɗaya a gasar Hikayata ta Sashen Hausa na BBC da labarinta "Garar Biki". Shekara guda kafin nan wata ƴar Maradin, Nana Aicha Hamissou Abdoulaye, ta zo ta biyu da "Butulci". Gasar ta mata ce zalla, tun 2016 ake yin ta, kuma abin da ake nema gajeren labari ne mai kalmomi 1,000 zuwa 1,500, a tura ta imel. Ke nan labari ya tashi daga Maradi ya isa hannun alƙalai, aka karanta shi a rediyo, duniyar Hausa ta ji, alhali bai taɓa shiga maɗaba'a ba.

Irin wannan nasara ce ke rura wata gardama da ake yi a fadojin shayi da tsakanin malaman lakwal a garuruwan da ke kewaye da Maradi. Gidan Rumji na da nisan kamar kilomita 50 daga birnin, a kan babbar hanyar da ta nufi Madawa da Konni. Agiye da Gazawa kuma suna gabas, a kan hanyar Tasawa. A duk waɗannan wurare akwai matasa masu son rubutu, mata da maza, kuma kusan dukkansu alƙalaminsu shi ne babban yatsa, takardarsu gilashin salula. Tambayar ita ce: awannin da marubuci ke kashewa a WhatsApp da Facebook da TikTok, rubutunsa suke ginawa ko cinye shi suke yi?

Masu cewa riba ce suna da hujja mai nauyi, kuma daga tarihi suke farawa. Rubutun zube na Hausa bai taɓa samun hanya mai sauƙi ba. A 1933 sai da Rupert East ya shirya gasa daga Zariya kafin a sami "Ruwan Bagaja" na Abubakar Imam da "Shaihu Umar" na Abubakar Tafawa Ɓalewa da wasu uku. Bayan rabin ƙarni, da marubutan Kano suka ga kamfanonin ɗab'i ba su da lokacinsu, sai suka tara kuɗinsu suka riƙa buga wa kansu. Daga nan aka sami su Ado Ahmad Gidan Dabino mai "In Da So Da Ƙauna" da Balaraba Ramat Yakubu mai "Alhaki Kuykuyo Ne", littattafansu suka riƙa tsallako iyaka ta Jibiya da Ɗan Isa cikin kayan ƴan kasuwa. Mutanen wannan yanki sun daɗe suna karatu. Abin da ba su da shi shi ne inda za su kai nasu rubutun. Gidajen ɗab'i na Nijar masu kula da harsunan ƙasa, irin su Gashingo da Albasa, a Yamai suke, sama da kilomita 600 daga Gidan Rumji, kuma mafi yawan aikinsu na makarantu ne da yaƙi da jahilci. Yarinyar da ta rubuta labari a kaye a Cadakori ko Gidan Sori, in ba ƙawayenta biyar ba, wa zai gani?

Yanzu kuwa ga yadda abin yake tafiya. Bayan sallar isha, an gama tuwo, yara sun kwanta, sai marubuciya ta jingina da bango ta shiga latsa waya. Ta rubuta shafi guda, ta sa masa lamba da sunan littafi da laƙabin da ta zaɓar wa kanta, ta jefa a zauren WhatsApp. Zaure ɗaya yana iya ɗaukar mutum 1,024, kuma daga shi ake kwasa a kai wasu zaurukan. Shafukan farko kyauta ne. Sai labari ya kai inda zuciyar mai karatu ta rataya, sannan a ce daga nan sai wanda ya biya. Ƴan Najeriya su tura naira ta banki, ƴan Nijar su tura dala ɗari ko jikka guda ta Nita ko Amana, wani ma katin waya zai kankare ya aiko da lambar. Wanda ya biya a sa shi a zaure na musamman. Babu ɗan kasuwa a tsakani, babu kuɗin takarda, babu kwastan.

Kuɗin ba shi da yawa ga mafi yawan masu yi, amma ga matar da ba ta fita kasuwa, kuɗin sabulu da maganin yaro da ta samu da tunaninta ba abin rainawa ba ne. Abin da ya fi kuɗin ma shi ne mai karatu. Matar da ke zaune a gidan mijinta a Tibiri tana iya wayar gari ta tarar da sharhi daga Agadas, daga zangon Kumasi, daga Jidda. Wata ta ce ta yi kuka, wata ta ce labarin tamkar na yayarta ne. Duk wanda ya taɓa rubutu shekara da shekaru babu wanda ya ce masa uffan ya san darajar wannan.

Akwai kuma hujjar makaranta, wadda ta fi shafar ƴan Nijar. Ko da yake tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram, galibin waɗanda suka yi lakwal da Faransanci suka koyi riƙe alƙalami. Mutum ya iya Hausa kamar me, amma bai san inda ake raba kalma da inda ake haɗe ta ba, yana rubuta "ch" a gurbin "c", yana rubuta "ou" a gurbin "u". A zaurukan marubuta na intanet ne da yawa suka fara jin ana maganar ƙa'idojin rubutu, aka nuna musu bambancin "ta fi" da "tafi", aka koya musu inda za su sami ƙ da ɗ da ɓ a madannin waya. A watan Maris na 2025 kundin da hukumomin Nijar suka ƙaddamar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Masu goyon bayan waya suna cewa kafin gwamnati ta horar da malamai ta buga littattafai, ga dubban matasa can suna koyon rubuta harshen da kansu, da kuɗin forfensu.

Suna ƙarawa da cewa a ƙasar da manyan da suka iya karatun boko ba su kai rabi ba, waya ta kai labari har ga wanda bai san bihim ba. Ana karanta littattafan da murya a sa a YouTube, wani ya sauke ya tura wa wasu ta Bluetooth, mai ɗinki yana taka keke yana saurare, mai daka tana daka tana saurare.

Duk wannan gaskiya ne. Amma masu suka ba ƴan gaba da zamani ba ne kawai, kuma a cikinsu akwai waɗanda suka fi kowa son rubutun.

Abu na farko da suke lissafawa shi ne tsada. A nan intanet ba iska ba ce, saye ake yi, mega-mega, daga Airtel ko Moov ko Zamani, kuma rezo na iya ɗaukewa ana tsakiyar tura shafi. Wutar da Maradi da Damagaram suka dogara da ita daga Katsina take shigowa ta tashar Gazawa, shi ya sa da Najeriya ta katse ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, aka shafe watanni ana fama da duhu. A ƙauyukan da babu kuran kuwa, sai a je wurin mai caji: teburi ƙarƙashin rumfa, faifan sola a kan rufi, wayoyi jere kowace an manna mata lamba, mai ita ya karɓi guntun kwali ya dawo da yamma. Cajin da aka biya wa kuɗi, aka jira shi wuni guda, shi ne zai ƙare a kallon bidiyon rawa da faɗan malamai da amsa gaisuwar zaure goma sha. Wata mai bincike a Amurka, Gloria Mark, ta auna tsawon lokacin da mutum ke tsayawa kan abu guda a allon na'ura kafin ya tsallaka wani: a 2004 kusan minti biyu da rabi ne, daga baya ya dawo daƙiƙa 47. Marubuciyar Ingila Zadie Smith, a ƙarshen littafinta na 2012, har godiya ta yi wa manhajojin da suka toshe mata intanet ta samu ta gama aikin. Idan mai ɗakin karatu da kwamfuta ta ji haka, ina ga wadda wayar da take rubutu a kai ita ce dai wayar da saƙonni ke shigowa ta cikinta?

Sai dai ɓata lokaci ba shi ne babban laifin ba. Babban laifin yana cikin tsarin shafin kullum. Marubuciya ta fara sakin labari tun ba ta san ƙarshensa ba. Masu karatu sun biya, don haka suna da baki. In ta yi kwana biyu shiru, saƙonni su cika waya: "Hajiya ina shafinmu?" In ta kashe wanda suke so, a yi mata ca. In kishiya ta yi nasara, a ce sai an wulaƙanta ta. Sannu a hankali labarin ya bar hannun mai shi ya koma hannun zaure, kuma zaure abin da ya saba gani yake nema. Abin da aka saki kuwa ya saku. Ba za ta iya komawa babi na uku ta gyara abin da babi na ashirin ya nuna mata kuskure ne ba, domin babi na uku ya riga ya zaga duniya. Sauri ya haifi nawa. Littafin da ya kamata ya ƙare a shafi arba'in sai ya kai ɗari, an cika shi da bayanin lefe da girke-girke da hirar waya, saboda kowane dare sai an tura wani abu.

A tuna yadda aka yi "Magana Jari Ce". A 1936 aka ɗauke Abubakar Imam daga aikin koyarwa a Katsina aka kai shi Zariya, aka ba shi wuri da littattafai da lokaci, ga kuma East yana dubawa yana mayar masa ya sake. Littafin da har yau ake karantawa a makarantu, a keɓe aka rubuta shi, kuma ya sha gyara kafin kowa ya gan shi. Zauren WhatsApp yana ba marubuci yabo da gaggawa, amma ba ya ba shi mutum ɗaya mai haƙuri da zai ce masa wannan babin bai yi ba, koma.

Daga nan ake zuwa kan abin da ya fi ciwo ga mai son wannan ƙasa. A buɗe littattafan intanet guda goma, a duba inda labaran ke faruwa: Abuja, Kano, Dubai, wani gida mai hawa uku da jerin motoci, saurayi matuƙin jirgi ko babban soja, Hausa rabinta Turanci. Marubucin Gidan Rumji da ke son a karɓe shi a zaure sai ya bi sahu. Ya ajiye "shina zuwa" da "wanga" da "mi kac ce", ya ajiye sunayen garuruwansa, ya shiga kwatanta unguwannin da bai taɓa takawa ba. Alhali ga abin rubutu nan ya kewaye shi. Tun 2019 dubban mutane daga Sabon Birni da Isa da wasu sassan Sakkwato da Zamfara suka tsere wa ƴan bindiga suka shigo wannan yanki, ƙauyuka suka raba hatsinsu da su, daga baya aka tsugunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Ga Tibiri, inda Gobirawa suka kafa sabuwar hedikwata bayan yaƙin Gawakuke na 1836, da fadarta da al'adunta. Ga yaran Tibirin da ruwan sha mai yawan sinadarin fulorayid ya lanƙwasa wa ƙasusuwa a shekarun 1980 da 1990, waɗanda yanzu magidanta ne. Ga manoman Ɗan Saga a yankin Agiye da suka dawo da itatuwa gonakinsu ta hanyar sassaben zamani, har baƙi daga ƙasashe suna zuwa gani. Ga ƴan ci-rani masu tafiya Libiya da Aljeriya da matan da suke bari. Ba a samun ɗayan waɗannan ta hanyar shafa gilashi. Sai an je an zauna da tsohuwa a gindin gawo, an bar ta ta yi kewaye-kewayenta har ta iso inda maganar take, kuma wannan zama yana cin irin awannin nan da waya ke cinyewa.

Sauran ƙorafin sanannu ne. Sata: mutum ɗaya ya biya, ya haɗa littafin ya watsa wa ɗari, wani ya karanta shi a YouTube ya ci kuɗin talla ba tare da ya nemi izini ba. Batsa: tunda ita ce ke saurin kawo masu biya, wasu sun faɗa mata, suka ja wa sauran zagi, har iyaye na ganin duk mai karatun littafi a waya lalatacciya ce. Sai rashin tabbas. Okadabooks, kasuwar littattafan intanet ta Najeriya da marubutan Hausa da yawa suka zuba aikinsu a ciki, ta rufe a ƙarshen 2023. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na Fabrairun 2021 an toshe intanet na waya a Nijar kusan kwana goma. Waya ta faɗa rijiya ko a ƙwace ta a tasha, littafi uku sun tafi. Ga kuma doka: dokar laifukan intanet ta 2019 ce aka kama ƴar jarida Samira Sabou da ita a 2020 kan rubutun Facebook, kuma a watan Yunin 2024 an maido da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da yaɗa abin da ake ganin zai tada hankalin jama'a. Wanda ke son taɓa batun tsaro ko mulki dole ya san kalma ɗaya da ya rubuta cikin fushi da tsakar dare ba ta gogewa.

Masu goyon baya ba su rasa amsa ba. Sun ce duk waɗannan zarge-zarge an yi wa littattafan kasuwar Kano: an ce shirme ne, an ce suna ɓata tarbiyya, har a 2007 hukuma ta tara wasu ta cinna musu wuta a Kano. Yau ga shi ana nazarin su a jami'o'i, an fassara Balaraba Ramat zuwa Turanci. Sun ce sakin labari kashi-kashi ba sabon abu ba ne, haka Charles Dickens ya riƙa fitar da nasa a Ingila. Sun ce ko a zamanin takarda littafi ɗaya mutum ashirin ke karantawa a wurin masu haya. Kuma sun ce, da babu gara ba daɗi: wanda ake ce wa ya bar waya ya jira maɗaba'a, wace maɗaba'ar?

Amsar ta ƙarshe ita ce mai ƙarfi, kuma babu mai adalcin da zai ce wa marubucin Gidan Rumji ya rufe wayarsa. Ita ce hanyarsa tilo zuwa ga mai karatu. Amma sauran amsoshin ba su taɓa ainihin ciwon ba. Marubucin Kano na 1990 sai ya gama kashin littafinsa, ya sake kwafe shi, ya kai wa abokai a ƙungiya sun duba, sannan ya kai maɗaba'a, domin kuɗinsa ne zai ƙone idan abin bai yi ba. Tsadar takarda ta tilasta masa natsuwa. Waya ta cire wannan tilas, ba ta kawo madadinsa ba.

Saboda haka awannin ba iri ɗaya ba ne, kuma kuskure ne a yi musu kuɗin goro. Awar da aka yi ana tura aikin da aka gama, ana karɓar kuɗi, ana tambayar wanda ya fi sani ƙa'idar rubutu, ana neman sanarwar gasa, wannan awa ta biya kanta. Awar da aka yi ana leƙen wa ya yi sharhi, ana ƙirga masu yabo, ana ramuwar habaici tsakanin ƙungiyoyi, ta tafi a banza. Awar da ta fi kowace haɗari kuwa ita ce wadda aka yi ana ƙirƙirar labarin a gaban jama'a, domin kama take da aiki. Zaure kasuwa ne, ana kai masa amfanin gona, ba a noma a cikinsa. Kaye na dala talatin da bik ba sa buƙatar caji, saƙo ba ya shigowa ta cikinsu, kuma wanda ya kwafe rubutunsa daga kaye zuwa waya ya riga ya yi gyara na farko ko bai yi niyya ba. Labaran da suka ɗaga sunan Maradi a Hikayata ma ai gamammu ne, masu iyaka, aka tura su ga mutanen da za su auna su da ma'auni.

Wannan shawara tana da tsada, kuma bai kamata a ɓoye ba. Marubuciyar da ta ɓace wata huɗu tana rubutu a ɓoye za ta dawo ta tarar masu karatunta sun koma wajen wata, kuɗin da take samu ya tsaya. Mai albashi, kamar malamin lakwal ko ma'aikaciyar asibiti, zai iya jure wannan. Wadda shafin kullum ne cefanenta ba za ta iya ba, kuma ba daidai ba ne a zauna a inuwa ana yi mata wa'azin inganci. Abin da wasu ke yi, su rubuta rabin littafi ko fiye kafin su saki shafin farko, ya fi kusa da abin da zai yiwu.

Akwai kuma aikin da ya fi ƙarfin marubuci shi kaɗai. Yankin na buƙatar masu gyara, ko da mutum uku ne da suka san harshe da za su karanta littafi kafin ya fita su faɗi gaskiya. Yana buƙatar inda za a adana abin da ake rubutawa, domin a halin yanzu adabin matasan Maradi da kewayenta yana warwatse ne a wayoyin mutane. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo tana Maradi, gidajen rediyo irin su Anfani suna nan, akwai rediyoyin karkara da ake saurare har cikin gonaki. Fili na rabin awa a mako da za a karanta gajeren labarin ɗan yanki, a biya shi ko jikka biyar ce, da sharaɗin ya kawo shi a game kuma a gyare, zai ba marubucin Gidan Rumji ko Gazawa dalilin zama ya kammala abu, kuma zai sa a ajiye kwafi ɗaya a wurin da ba wayarsa ba.